Manomin Albasa da Kaskon Karensa

Akwai wani manomin albasa da ke da lambu a bakin fadama, yana kuma da wani baƙin kare mai farin wuya da ke tsare masa lambun. Shekara huɗu karen yana korar birai da awakin da ke ketowa ta shinge, har ya zamana mutumin yakan tafi sallar Juma'a a gari hankalinsa kwance. Abincinsa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗumamen tuwo, da ƙashi in an samu. A shekarar da albasa ta yi kyau ƙwarai, manomin ya dubi karen nan, ya ga haƙarƙarinsa a waje, sai kunya ta kama shi. Ya ce a ransa, bai kamata wanda ya yi gadin arziki a bar shi da gaya ba. Daga ranar ya sa matarsa ta riƙa ƙara miya a tukunya, ita kuwa miyar gidan mai albasa, rabinta albasa ce. Kullum sai ya malala ta a kan tuwon da ke kaskon karen, har da soyayyar albasar da ta kwanta a gindin tukunya, wadda shi kansa ita ya fi so.

Ba a yi mako uku ba kare ya fara kwanciya. Biri zai zauna a kan shinge yana kallonsa, shi kuwa sai dai ya ɗaga kai ya mayar. Dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma kamar ruwan zoɓo. Manomin ya shiga neman shawara. Wani mafarauci ya ce masa, "Kai ma dai, kare da tuwo? Nama ake ba shi." Manomin ya je wurin mahauta ya sayo huhu da tumbi, aka dafa, ya zuba miya a kai ya ba shi. Wani direban da ke ɗaukar masa kaya ya ce karnukan birni abincin buhu suke ci, ya kuwa kawo masa ƙaramin buhu guda. Manomin ya ga abin a bushe kamar tsakuwa, ya ji tausayi, ya jiƙa shi da miya. Duk abin da aka ce ya gwada ya gwada, abu ɗaya ne kawai bai taɓa sauyawa ba, domin a wurinsa wannan ba abinci ba ne, kyautatawa ce. Kare dai sai ƙara lalacewa yake yi, har ya kai in ya tashi ƙafafunsa na baya suna rawa.

Ana cikin haka lokacin kai albasa Kudu ya yi, kuma tafiyar ba ta ɗaguwa, don kaya sun fara tsiro. Ya ɗauki karen a cikin baro ya kai shi gidan gwaggonsa, wata tsohuwa da ke zaune a gefen gari, wadda ta daina cin albasa tun da daɗewa saboda ƙwarnafi. Ya ce mata, "Gwaggo, in ya mutu, a sa a haƙa masa rami a bayan lambu, kada a jefar da shi a juji." Tsohuwa ta ce, "Jeka abinka, ɗan nan. Abin da na ci shi zai ci." Kwana goma sha bakwai ya yi a hanya, kuma duk inda mota ta tsaya ya ga kare yana yawo a tasha, sai ya kau da kai.

Ranar da ya dawo, tun bai kai ƙofar gidan ba ya ji haushi. Ya tsaya cak, don ya san muryar. Sai ga kare ya fito a guje, bai gama murmurewa ba, amma yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu yana kaɗa wutsiya. Mutumin ya zauna a kan wani turmi da ke kife, sannan ya tambayi tsohuwa wane magani ta ba shi. Ta ce, "Magani kuma? Tuwon dawa ne da romon ƙashi, wani lokaci guntun nama, sai ruwa mai kyau. Ni da ba na sa albasa ko a tukunyata, ina zan samo masa irin gatan gidanka?" Washegari ya kai maganar wurin malamin dabbobi da ke zuwa ranar kasuwa. Malamin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce albasa, ɗanya ko dafaffa, tana cinye jinin kare, kuma naman mafarauci da abincin buhun direba da duk sun yi masa amfani, ba don miyar da aka zuba musu ba.

Manomin ya koma gida ya wanke kaskon nan da toka sau uku. Tun daga ranar ake cire wa karen nasa rabon kafin albasa ta shiga tukunya, kuma kafin damina ta faɗi birai sun sake sanin iyakarsu. Shi kuwa duk wanda ya tambaye shi abin da ya kusa kashe masa kare, ba ya ɓoyewa, yakan nuna hannunsa na dama, wanda da shi ya riƙa zuba miyar. Allah ne ya kiyaye abin bai kai ga rami ba, amma dai ya gani da idonsa abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.