Mai Lalle da Hoton Uwar Ɗaka

Ke da kike ɓoye aikinki don gudun kada a kushe, matso ki ji labarin wata mai lalle. Ta daɗe tana yi wa amare zane, tana jin takaicin yadda kwalliyar da aka sha wahala a kanta take gogewa ba a adana ta ba. Sai ta sayi tsohuwar kyamara, ta ɗaura ɗamarar koyon irin hoton nan da mace ke ɗauka a uwar ɗakanta, ba mayafi ba ɗankwali, don idon mijinta kaɗai. Ƙawayenta da ƙanwarta suka yarda ta gwada a kansu. Kowacce ta ce ya yi kyau, amma ba wadda ta ce a wanke mata ko ɗaya. Wannan shirun ya dame ta ƙwarai. Ga shi wata amarya ta riga ta yi mata maganar irin wannan hoton, sai bayan salla. In ta ɓata wannan aikin, zancen zai zaga gidajen biki, ba macen da za ta sake cire ɗankwali a gabanta.

A bayan kasuwa akwai wata dattijuwa da ta tsufa a hoton mata, bakinta kuwa ba linzami. Mutane suka ce wa mai lalle kada ta kuskura ta je, dariya za ta sha, a kuma ƙwace mata amaryar. Ta ji tsoro, amma ta ƙi fasawa. Da yake aikin na amana ne, ta nemi izinin ƙanwarta, ta ɗauki hotunanta kaɗai ta tafi da su. Tsohuwa ta gyara tabarau, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "'Yar nan, kabad kike talla ko gado?"

A nan idon mai lalle ya buɗe. Ashe al'adar jere ce ta bi ta. A kowane hoto sai ta ja baya har bakin ƙofa don kabad da labule da jeren kwanuka su samu shiga. Ƙanwar tata kuwa ga ta can tsakiya 'yar mitsitsiya, ta ƙame kamar mai hoton fasfo, ta damƙe bakin zane, hasken kyamara ya sa fuskarta ta yi fari fat.

"Kayan ɗaki dangi ake nuna wa," in ji tsohuwa. "Mijinta ya san kabad ɗin nan. Kashe fitilar kyamararki, ki zaunar da ita kusa da taga, ki ja ta da hira kamar kina sa mata lalle. Sai kin ga kafaɗarta ta sauka sannan ki danna."

Mai lalle ta fito kunya kamar ta nutse, har da 'yar ƙwallarta a hanya. Amma kashegari ta sake tsare ƙanwarta a bakin taga, ta sake komawa bayan kasuwa. Aka ce ta yanke yatsu a hoton. Ta gyara ta koma. Aka ce ita kanta ta fito a madubi, baki buɗe. Ta haɗiye, ta koma. Haka ta yi ta zarya har ranar da tsohuwa ta daɗe tana kallon wani hoto, ta turo mata shi, ta ce, "Je ki yi aikinki."

Bayan salla ta ɗauki amarya. Da amaryar ta ga kanta, sai ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, ta ce, "Yaya, ashe haka nake?" Ita kuwa tsohuwar da aka ce za ta yi ƙwace, har aka gama ko sunan amaryar ba ta tambaya ba. Shi ya sa Hausawa suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.