Zangon da Kowa Ya Ci Jarrabawa

Dakta Abdulmumini ya sake duba sakamakon, baki har kunne. Karon farko ke nan da ya koyar ta intanet daga ɗakinsa a Karaye, kuma kowa ya ci, abin da bai taɓa faruwa a ajinsa ba. Zango guda yana zuba bayani, ɗalibai na gyaɗa kai a allon kwamfuta.

Ya kira Radiyya, shugabar ajin. "Wace laccata ce ta fi shiga kanku?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ai ba mu taɓa jin muryarka ba. Makirufonka a kashe yake tun ranar farko."

"Kuka yi shiru?"

"Babba na magana, wa zai katse shi? Sai muka koma karanta littafi."