Tsohuwar da Aka Tsinta a Juji

Mako uku takardar gasar ta yi a kan teburin Madam, an danne ta da almakashi. Ranar da za a rufe karɓa, sai ga mai hoto da jakarsa tun da hantsi.

Tsohuwa na bakin rumfa tana yankan leda, ko ɗagowa ba ta yi ba. Kowa a nan Iya yake ce mata, har mai kwasar shara. Ita ba ta yanka leda gutsi-gutsi irin na ragwaye. Zagaye take bi da almakashi, daga baki har gindi, sai leda guda ta zama zare ɗaya mai tsawon gaba shida. Da zaren ake murza igiya, da igiyar ake saƙa tabarma da jaka da kujera. Ta gano haka ne shekarar da leda ta toshe kwatar layinsu, ruwa ya shigo mata har ƙarƙashin gado. Yanzu mata goma sha biyu ke ci a rumfar nan, kwata kuma na gudu.

Bahaguwa ce, don haka saƙarta hagu take juyawa. Sai da ta zaunar da matan gaba da gaba, kamar masu duba madubi, kafin hannunsu ya faɗa. Madam, wadda ta yi boko kuma take riƙe da ofishin rumfar, ita kaɗai ce ba ta sha wuyar koyo ba.

Gasar ta masu ƙirƙiro abin da zai taimaki jama'a ya kuma tsabtace muhalli ce. Wanda ya ci, za a ba shi injin yanka, a yi masa sabon rufi. Rufin rumfar kuwa ya zama rariya. In hadari ya haɗo, bokiti bakwai ake jerawa. Abin da ya tsayar da Madam sharaɗi ɗaya ne: sai an kawo labarin mutum guda da aikin ya ceto, da hotonsa da sa hannunsa. Matan duk sun noƙe. Wannan ta ce mijinta zai gani, waccan ta ce tana da surukai.

Iya dama ta faɗi nata tun farko: a bar gasar. Aikin da ke ciyar da mutum ba ya bukatar tafi.

Madam ta fito daga ofis da wani zane da takardar gasar a hannu, ta ajiye a gaban Iya.

"Iya, cire naki ki ɗaura wannan."

"Tsumman da muke goge almakashi?"

"Hoto ne kawai. Sai ki dangwala yatsa a nan."

"Ban yi boko ba, amma ba na dangwala wa abin da kunnena bai ji ba. Kai mai hoto, karanta mini."

Madam ta kai hannu bayan kunne tana susa. Iya ta san wannan susar, ba yau ta fara ganinta ba.

Mai hoto ya gyara murya ya karanta. Wadda ta ƙirƙiro saƙar: Madam. Wadda aka ceto: wata tsohuwa da aka tsinta a juji tana tonon abin da za ta ci. Ba ta da kowa. Abin da ta haifa ya yar da ita. Madam ce ta ɗauko ta, ta wanke ta, ta koya mata sana'a.

Almakasai suka tsaya cak. Matan suka sunkuyar da kai, kowace ta shiga neman wani abu a cinyarta.

Iya ta jira Madam ta dube ta. Madam agogo ta duba.

"Sha biyu ake rufewa. In ba ki so, a fasa. Amma in damina ta sauka, ke za ki gaya wa matan nan dalili."

Iya ta ɗaga kai ta kalli rufi, ta kalli bokitai. Ta bi matan da ido ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta kama yatsunsu ta koya musu ƙulli. Ba wadda ta ce kada ta yi.

Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba. Ta shiga bayan buhuna, ta kwance zanenta, ta ninke shi gida huɗu yadda take yi in za ta sa a akwati, ta fito da tsumma a jiki. Ta dangwala babban yatsan hagu. Madam ta ja takardar, ta sa hannu a sama, ita ma da hagu.

Aka zaunar da ita a kan tulin ledar da ba a wanke ba. Mai hoto ya ce wurin da duhu, ya miƙa wa Madam fitila ta riƙe masa. Ya leƙa, ya girgiza kai.

"Iya, wuyan nan ya cika miƙewa. Ki ɗan karaya mana."

Wuyan bai san karaya ba. Madam ta matso, ta dafa ƙeyarta ta danna ƙasa. Ta ga 'yan kunne na ƙyalli, ta zare su da kanta. Ɗaya ya maƙale, ta fizge. Ta kwance ɗankwalin ma, furfura ta fito fili a gaban namiji baƙo.

"Yauwa," in ji ta. "Ɗauka haka."

Ya ɗauka sau uku. Ya duba hoton. Ya durƙusa kusa da tsohuwar, ya rage murya.

"Allah sarki, Iya. Da gaske 'ya'yanki suka yi miki haka? Su nawa ne?"

Iya ta shafa jinin da ke kunnenta, ta duba yatsa, ta goge a tsumman.

"Da safe ƙarya ce, ɗan nan. Yanzu kam rubuta, ta tabbata. Ɗaya na haifa, ga ta nan tana riƙe maka fitila."