Na'urar da ta ce an ajiye

An yi wani mutum, gwanin haɗa manhajar kwamfuta, wanda aikinsa shi ne tsara ƙofar da duk abin da aka rubuta zai bi kafin ya shiga faifan ajiya. Faifan nan kamar rumbu yake, hawansa sai a hankali, mutane kuwa ba sa son jira. Sai ya yi dabara, ya gina wa na'urar wani ɗan zaure a cikin ƙwaƙwalwarta. Da an miƙo saƙo sai ta karɓa ta jingine a zaure, nan take ta amsa da cewa an ajiye, kai shi rumbu kuwa sai ta samu sarari. Don a rage wahala ma, idan aka sabunta abu, tsohon take fara sharewa kafin sabon ya iso. Aiki ya yi sauri kamar walƙiya, aka yi ta sa masa albarka. Shi kansa ya san zauren nan ba ya riƙe kome in babu wutar lantarki, amma ya ce ai tsakanin zaure da rumbu ƙiftawar ido ce.

Ana nan sai jikin mahaifiyarsa ya yi nauyi. Tsohuwa ce mai waƙoƙin niƙa da ta gada daga kakarta, ba wanda ya iya su a gidan sai ita. Ƙanwarsa ta roƙe shi ya ɗauki muryar tun da sauran numfashi. Ya kawo na'urar tasa, kullum da hantsi tsohuwa ta rera abin da ƙirjinta ya iya, shi kuma ya ɗora a kan na jiya, ya sabunta ajiyar, duk a ƙunshi ɗaya. Ranar da ta rera ta ƙarshe, ya danna, ƙanwar na gefensa, allo ya ce an ajiye, bai ko ɗauke yatsa ba aka ɗauke wuta. Bai damu ba, ya tashi ya gyara mata matashi. Kafin Juma'a ta zagayo, Allah ya yi mata rasuwa. Bayan sadakar bakwai 'yan'uwa suka taru a tsakar gida don su ji muryarta. Ya kunna. Ga sunan ƙunshin waƙoƙin nan a rubuce, cikinsa kuwa wayam, ba sabo ba tsoho. Ya sake dannawa, ya sake, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wata gwaggo ta riƙe baki tana salati.

Ƙanwar ta matso ta ce, "Yaya, ba da idona na ga ta ce an ajiye ba?"

Ya kalli allon ya ce, "Ni na koya mata faɗin haka."

Shi ya sa magabata suka ce, garin neman gira akan rasa ido.