Hawayen Sarki a Waterloo

Tun kafin a buɗe gidan waya Firmin ya iso da hular Napoleon a kansa, yana bin layi yana gaisawa da mutane kamar mai neman ƙuri'a. Yau ake fitar da sabon kan sarki na tunawa da faɗuwar Napoleon, Sarkin Faransa, a yaƙin Waterloo, kuma hoton da ke jiki nasa ne.

Shekara goma sha tara ke nan yana fitowa a matsayin Napoleon a wasan yaƙin da ƙungiyarsu take yi duk watan Yuni. Sauran watannin kuwa gasa burodi yake yi. Kowace shekara sai an ci shi da yaƙi, kowace shekara kuma ya koma gida bakinsa har kunne. Bara ne 'yan kwamiti suka fara gunaguni, wai ya tsufa, wai haki ya yi masa yawa. Suka ce in ya kasa kai wasan ƙarshe, wani likitan haƙori daga garin Nivelles za su ba hular.

 Matarsa Odile dai ta sake ɗinka masa doguwar rigar toka-toka, tana gwadawa a jikinta kamar yadda ta saba, tunda tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Maƙwabta kan ce kamar a tanda ɗaya aka gasa su.

Ranar wasan an yi zafin da ba a saba ba. Firmin ya tuna ya shiga tanti shan ruwa kafin fitowar ƙarshe. Abin da ya sake tunawa shi ne farkawa a kwance, an lulluɓe shi da rigar, a waje tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Odile tana tsaye a kansa tana yi masa fifita, ta jiƙe sharkaf da gumi, tana haki.

"Me ya faru?"

"An gama, ranka ya daɗe," ta ce. "An ci ka da yaƙi lafiya lau."

Daga baya ya ji labari. Wai Sarki ya fito cikin hayaƙin bindigogi, ya ja hula har gira, ya zauna a kan ganga, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna ta girgiza. Bai furta ko kalma ɗaya ba. 'Yan kallo a bayan igiya suka yi ta sharar hawaye, har da Turawan Ingila. Wani mai hoto ya ɗauka, hoton ya yi ta yawo har ya kai hannun masu zaɓen kan sarki. Maganar likitan haƙori ta mutu a nan.

Firmin bai damu da rashin tunawar ba. Gaskiyar gwaninta ke nan, in ji shi, mutum ya shiga wasa har ya manta kansa.

Ana buɗe ƙofa ya riga kowa shiga. Ga hoton an ƙara masa girma a bango. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya rungume ma'aikaciyar gidan waya, ya rungume wani baƙo ɗan Jamus da bai san shi ba.

Anselme wanzami, wanda ke fitowa a matsayin janar ɗin Ingila, ya dafa shi.

"Kai mai burodi, ni na ci yaƙin, kai aka sa a kan sarki. Wannan wane irin adalci ne?"

"Kowa ma ya iya cin yaƙi, aboki. Faɗuwa ita ce sai gwani. Dubi kafaɗun nan! Dubi hannun nan!"

"Ko fuskarka ba a gani."

"Ina ruwan baƙin ciki da fuska?"

Aka kwashe da dariya. Firmin ya shiga sa hannu a ambulan ɗin mutane, har da waɗanda ba su roƙa ba. Can ya hango Odile a gefe riƙe da katin gaisuwa da za ta aika wa ƙanwarta Maryse a Namur. Idanunta sun yi ja, ta toshe baki da hankici. Tausayi ya kama shi. Har yanzu hoton yana taɓa mata zuciya.

"Kawo nan, uwargida. Sarki da kansa zai liƙa miki."

"Bar shi, Firmin, zan iya."

Ina! Ya riga ya fizge. Ya ɗaga kan sarkin sama don kowa ya gani, ya lasa, ya manna, ya danna da babban yatsa, mutane suna tafi. Garin dannawa ne idonsa ya sauka a kan rubutun matarsa.

"Maryse, ki duba kan sarkin nan da kyau, amma kada ki gaya wa Firmin. Yana tanti a sume, ni ce na sa rigar na fita, kuma wallahi ba kuka nake yi ba, dariya ce ta ci ƙarfina."