Tsuntsayen da Suka Kalli Gefe Ɗaya

Ottavia na tsakiyar jawabinta a wani zaure a Roma, sai Nives ta ɗaga hannu.

Ga hoton zanen nan a bango: wata allahiyar Girkawa da aka zana da jan alli, ta jingina da dogon ginshiƙin dutse irin na Fir'aunoni, mai ɗauke da layin tsohon rubutun Masar, wanda harufansa hotuna ne irin su mujiya da sauran tsuntsaye. A kan wannan 'yar takarda Ottavia ta gina sunanta. Littafi guda ta rubuta, tana nuna yadda wani gwani na shekara ɗari biyar da suka wuce ya haɗa Girka da Masar a zane ɗaya. Malaminta, Farfesa Ermete, shi ya kawo mata takardar, ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya tsince ta. "Ni na tsufa, 'yata, hasken ranar Luxor, can Masar, ya cinye min ido tun ina saurayi. Sunanki ya kamata ya hau kai."

"Ki yi haƙuri, Ottavia," in ji Nives, masaniyar rubutun Masar. "Masu zanen wancan zamani ba su iya karanta rubutun nan ba, ado suka ɗauke shi. A zanensu sai ki ga wannan tsuntsu ya kalli gabas, na kusa da shi ya kalli yamma. Naki duk gefe ɗaya suke kallo, kuma na karanta layin tsaf, ba kuskure. Wanda ya zana wannan ɗan zamaninmu ne, ya je makaranta."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Nives fa, wadda suka yi ɗaki ɗaya suna ɗalibai, ta rasa inda za ta faɗa mata sai gaban jama'a. Abin ya ci Ottavia ƙwarai. Amma ta fi jin tausayin tsohon, da aka yaudara a ƙarshen rayuwarsa.

Ta same shi a barandarsa yana ɓare lemo. Ta zayyana masa komai tana kuka, ta zagi Nives, ta tsine wa ɗan damfarar da ya cuce su.

"Sunana ya gama lalacewa, Farfesa. Naka nake tsoro kada ya bi."

"Nawa ai ba ya ko'ina a littafin," ya ce, ya miƙo mata ɓarin lemo. Ya daɗe yana kallon rufin gidaje, sannan ya yi ɗan tsaki. "Ranar da nake zanen, sai da zuciyata ta ce in juya mujiyar nan ta kalli wani gefen, amma hannuna ya ƙi rubuta kuskure."