Amanar Jakar Veikko

Igiyar ruwa ta farko da ta mari Veikko a bakin tekun Aarhus, wani birni a ƙasar Denmark, ita ta tafi da gilashin idonsa. Tun ƙarfe goman safe duniya ta koma masa dishi-dishi, mutane dunƙule-dunƙule, bishiyoyi duk kore ɗaya.

Sati biyu ke nan da shi da budurwarsa Pihla suka baro Finland yawon buɗe ido da jaka ɗaya tal, kuma abin alfaharinsa shi ne bai taɓa biyan abin da ake samu kyauta ba. Ruwa a famfon lambu, kwana a tanti, burodin jiya. Abin da Pihla ba ta sani ba, a can ƙasan jakar, cikin wata tsohuwar safa, akwai zoben kakarsa. Yau zai miƙa mata shi a wajen bikin wutar tsakiyar bazara, inda ake cinna babbar wuta a bakin teku. Bikin ma kyauta ne.

Jakar ce matsala. Ga nauyi, ga faci ko'ina, ga yini guda na yawo a gabansu.

"Akwai akwatunan ajiya a tasha," in ji Pihla. "Don Allah, Sarkin Maƙo, yau ɗaya dai ka biya."

"Je ki cika mana gora. Bar ni da wannan."

Ya bi yashi yana lalube. Kusa da wani tulin rassa da karyayyun katakai da ake ta jibgewa, ya hangi wata tsohuwa zaune a kujera: jan ɗankwali, baƙin zane har ƙasa, tsintsiya jingine a gefenta. Yara sun kewaye ta suna ƙyalƙyala dariya suna gyara mata ɗauri, can suka ruga a guje. Jikoki ke nan, Veikko ya ce a ransa.

Ya tsaya nesa kaɗan, ido a ƙasa, yadda aka tarbiyyantar da shi.

"Sannu da hutawa, Kaka. Za ki daɗe a nan?"

Iska ta kaɗo daga teku, kan tsohuwa ya ɗan sunkuya. A garin su Veikko, inda magana ke da tsada, wannan doguwar hira ce. Ya ɗora mata jakar a cinya, ya saƙala igiyar a hannunta don kada ta zame. Hannun yana cikin safar hannu, ba nauyi ko kaɗan. Allah sarki, tsufa!

Da Pihla ta dawo ta tarar da shi a bakin hanya, baya fayau, sai murmushi yake.

"Wata baƙuwa ka bai wa jakarmu?"

"Ba baƙuwa ba ce, mun fahimci juna. Mace mai kamun kai, ko kalma ɗaya ba ta ɓarnatar ba."

"Yaya sunanta?"

"Haba, wa ke tambayar mutum suna ranar farko?"

Suka yini a gari. Suka ba barewa karas a gandun daji, suka ci burodi a kan ciyawa, suka leƙa gidan tarihi ta taga. Sau biyu Veikko yana ba turken fitila haƙuri don ya bangaje shi. Duk da haka zuciyarsa fes, sai bitar kalaman da zai faɗa yake yi.

Ƙarfe tara na dare, amma a bazarar ƙasar nan rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, suka koma bakin teku. Wuri ya cika maƙil. An shimfiɗa barguna, yara na gasa ƙullun fulawa a jikin sanda, wani na jawabi ba mai sauraro. Veikko ya ja Pihla har inda ya bar tsohuwa.

Ba tsohuwa, ba kujera. Sawun ƙafafun kujerar ne kawai a yashi.

Veikko ya waiga dama da hagu. Ya tare wani ƙato mai rigar masu aikin sa kai da takardun waƙa a hannu.

"Malam, wata tsohuwa fa, mai jan ɗankwali da tsintsiya?"

Ƙaton ya tuntsire da dariya. "Ai ita ce babbar baƙuwarmu, ɗan samari! Mun kai ta mazauninta tun ɗazu."

"Kin ji ko?" Veikko ya zunguri Pihla. "Babbar mace ce. Na san mutane."

"Bana ma ta yi sa'a," ƙaton ya ci gaba. "Wani mai kirki har jakar guzuri ya rataya mata. Ka san Jamus da nisa."

"Jamus? Yaushe za ta tashi?"

"Yanzun nan, da an fara waƙa." Ya danƙa masa takarda ya wuce.

Aka fara waƙa. Dubban bakuna, murya ɗaya. Warin hayaƙi ya taso.

Veikko ya damƙi hannun Pihla. "Zoben kakata na cikin jakar nan. Naki ne. Yau zan tambaye ki."

Pihla ba ta kalle shi ba. Kanta na sama, kafaɗunta na rawa, hawayen dariya na zuba.

"Na yarda, Sarkin Maƙo," ta ce da ƙyar. "In dai ka iya karɓo shi."

Ta cire nata gilashin, ta ɗora masa a hanci, ta ɗaga masa haɓa.

Can a ƙololuwar tulin itacen, ɗaure a kujerarta, wuta na lasar gefen zanenta, mayyar tsumma da yaran unguwa ke cusa wa busasshiyar ciyawa duk shekara don a ƙona, wai ta bi hayaƙi ta tashi zuwa Jamus, ita ce zaune da jan ɗankwalinta, rungume da jakar Veikko, ba ta ci amana ba.